Tenzing Norgay: Ɗan dakon da ya taka ƙololuwar Dutsen Everest

A yau mun waiwayi tarihin wani mutum da ya fara neman abinci da ɗaukar kayan wasu a bayansa, ya zama madugu, daga baya har ƙasashe biyu suka yi jayayya a kan ko ɗan wacce ce. Sunansa Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa ta duwatsun Himalaya.

An haife shi a shekarar 1914, ya tashi a ƙauyen Thame da ke yankin Khumbu na ƙasar Nepal, dab da iyakar Tibet. Shi ne na 11 a cikin 'ya'ya 13. Mahaifinsa makiyayin yak ne, wata irin saniya mai dogon gashi da ke jure sanyi, kuma ita ce raƙumin mutanen wannan ƙasa. Ta gefen ƙauyen nasu hanyar fatake ta bi. Ana ɗaukar hatsi a haura da shi ta mashigin Nangpa La mai tsayin sama da mita 5,700, a sayo gishiri da ulu daga Tibet. Kenan tun kafin Turawa su zo da sha'awar hawan dutse, 'yan Sherpa sun daɗe suna ratsa ƙanƙara da kaya saboda kasuwa.

Yana da kimanin shekara 19 ya bar gida ya tafi garin Darjeeling na Indiya, inda Turawan Ingila ke ɗaukar 'yan dako. A 1935 wani Bature mai suna Eric Shipton ya saka shi cikin ayarinsa mai zuwa leƙen Everest ta ɓangaren Tibet. Ya sake komawa a 1936 da 1938. Bai taɓa shiga makaranta ba, bai iya karatu ko rubutu ba har ya bar duniya, amma yana jin harsuna da dama, kamar yadda yawancin mutanen bakin iyaka suke. A 1947 ya zama sirdar, wato madugun 'yan dako: shi ke zaɓen mutane, ya raba kaya, ya tsaya tsakaninsu da masu gida idan rigimar kuɗi ta tashi.

Siyasa ce ta sauya musu hanya. Nepal ta fara buɗe ƙofarta ga baƙi a 1949, Sin kuma ta shiga Tibet a 1950, aka rufe hanyar arewa. Dole aka koma neman dutsen ta kudu, ta ƙasar su Tenzing. A 1952 shi da Raymond Lambert ɗan Suwizalan suka kai kusan mita 8,600, tsayin da ba a taɓa kaiwa ba a lokacin, sannan gajiya ta tilasta musu juyowa.

Tafiyar 1953 ita ce ta bakwai da ya yi zuwa wannan dutse. Ayarin Ingila ne a ƙarƙashin Kanal John Hunt, da 'yan dako sama da 350, kowa da kaya na kusan kilo 30. Babu titin mota. Daga kwarin Kathmandu sai da suka yi fiye da mako biyu a ƙafa, hawa da gangara, kafin su isa gidan ibada na Tengboche. Daga nan aka shiga ƙanƙara, ana kafa zango bayan zango. A can sama kowane numfashi ba ya ba mutum fiye da kashi ɗaya cikin uku na iskar da yake samu a bakin teku, shi ya sa suka goya tulunan iska. Mutum biyun farko da aka tura sun juyo saura kaɗan su kai. Ranar 29 ga Mayu, da ƙarfe 11:30 na safe, Tenzing da Edmund Hillary, mai kiwon zuma daga New Zealand, suka taka ƙololuwar da awon 2020 ya sanya tsayinta mita 8,848.86. Kimanin minti 15 suka yi. Tenzing ya binne alewa a cikin ƙanƙara a matsayin sadaka bisa addininsa na Buda, Hillary ya ɗauke shi hoto yana ɗaga gatarinsa mai tutoci huɗu: ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta Ingila, ta Nepal da ta Indiya.

Bayan saukowa ne aka shiga wata wahalar. Labarin ya bazu a London ranar 2 ga Yuni, ranar naɗin Sarauniya Elizabeth. Hillary da Hunt suka sami sarautar Sir, Tenzing aka ba shi lambar George Medal. A ganinmu wannan rabo bai yi daidai ba, domin a cikin ayarin babu wanda ya fi shi sanin dutsen. A gida kuma Nepal ta ce ɗanta ne tun da can ya tashi, Indiya ta ce nata ne tun da shekara 20 yake zaune a Darjeeling. Mutumin da ya saba tsallaka iyaka ba takarda sai ga shi ana matsa masa ya zaɓi ɓangare. Wasu har suka tilasta masa sa hannu a takardar da ba zai iya karantawa ba, wadda ke cewa shi ya riga Hillary kaiwa. A littafin tarihinsa na 1955, wanda ya faɗa aka rubuta, ya bayyana cewa Hillary ne ya fara taka wurin, shi yana biye, igiya ɗaya ta ɗaure su. Faɗin haka a lokacin ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Firayim Minista Nehru ya riƙe shi hannu biyu, ya ba shi fasfon Indiya. A 1954 aka buɗe makarantar koyon hawan dutse a Darjeeling, aka naɗa shi shugaban horarwa. A 1975 ya jagoranci masu yawon buɗe ido na farko daga Amurka da aka bari su shiga Bhutan, a 1978 kuma ya kafa kamfaninsa na kai baƙi yawon ƙafa a duwatsu.

Ya rasu a Darjeeling ranar 9 ga Mayu, 1986. Ɗansa Jamling ya hau Everest a 1996. A 2008 Nepal ta sanya wa filin jirgin saman Lukla sunan Tenzing da Hillary, kuma daga nan ne yawancin masu zuwa gindin dutsen ke fara tafiyar ƙafa, su bi ta kasuwar Namche.