Amir Abdulƙadir, Sarkin Yaƙin da Bai Tilasta wa Kowa Ba

An haifi Amir Abdulƙadir, Allah ya ƙara masa yarda, a 1808 kusa da Maskara ta ƙasar Aljeriya, a zawiyar mahaifinsa Shehu Muhyiddin, jagoran Ƙadiriyya. A 1832 aka yi masa mubaya'a, ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransa. Ga takobi a hannunsa, amma bai matsa wa fursunonin Nasara su bar addininsu ba. Har malamin cocinsu ya bari ya ziyarce su. Da fitina ta tashi a Dimashƙa a 1860, shi da mutanensa suka tsare rayukan dubban Kiristoci. Ya rasu a 1883, aka yi masa makwanci kusa da Shehu Ibnu Arabi. Allah ya ba mu albarkacinsu.