Hans Fischer: Bajamushen da ya gano sirrin jan jini da koren ganye

Me ya sa jini yake ja, ganye kuma kore? Tambaya ce irin ta yara, amma wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Hans Fischer, ya shafe sama da shekara 30 yana bin diddiginta. Abin da ya gano shi ne harsashin da masu bincike ke gini a kai yau wajen ƙera na'urorin da ke sansano iska mai guba.

An haifi Fischer ranar 27 ga Yulin 1881 a garin Höchst, wanda yanzu ya shige cikin birnin Frankfurt. Mahaifinsa masanin sinadarai ne, kuma darakta a wani kamfanin haɗa rini, don haka tun yana ƙarami yake jin zancen launi a gida. Ya karanci ilimin sinadarai da likitanci a Lausanne da Marburg, ya samu digirin digirgir a sinadarai a 1904, sannan na likitanci a Munich a 1908. Ya koyar a Innsbruck da Vienna kafin ya koma Munich a 1921, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Zoben da ke cikin jini

Ya fara ne da sinadarin da ke sa idon mai shawara ya yi rawaya. Daga nan ya koma kan wani rukunin sinadarai da ake kira fofirin, sunan da ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin shunayya.

Fofirin kamar zobe yake: ƙananan zobba huɗu ne suka haɗu suka yi babba guda, da gurbi a tsakiya. Idan sinadarin ƙarfe ya zauna a gurbin, an samu abin da ke ba jini launin ja, wanda kuma ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. A cikin ganye akwai ɗan'uwan wannan zobe, sai dai maganeziyam ne a tsakiyarsa, shi ne koren da tsiro ke kama hasken rana da shi.

Tun a 1912 wani masani, William Küster, ya zana siffar zoben. Fischer bai gamsu ba da farko, yana ganin zobe mai wannan girma ba zai tsayu ba. Aikinsa na kansa ne daga baya ya nuna Küster ke da gaskiya.

Wani majinyaci ya taimaka masa ƙwarai. Mutumin na fama da wata cuta ta gado da ke tara fofirin a jiki, fitsari ya koma ja, fata ta riƙa yin gyambo idan rana ta taɓa ta. Fischer ya ɗauke shi aiki a ɗakin gwajinsa, kuma daga fitsarinsa ya tace wasu nau'o'in sinadarin.

Shi da ɗalibansa sun haɗa fofirin sama da iri 100, ɗaya bayan ɗaya. A 1929 suka haɗa jan launin jini a cikin kwalba, ba tare da ɗigon jini ko ɗaya ba. A 1930 aka ba shi kyautar Nobel. Bai huta ba: zuwa 1940 ya kusa kammala fayyace ginin koren ganye.

Ƙarshe mai ban tausayi

Ya yi aure a 1935, yana da shekara 54, kuma bai haihu ba. Ɗakin gwajin ne rayuwarsa. A Yaƙin Duniya na Biyu, ruwan bama-bamai a kan Munich ya rusa cibiyarsa. Ranar 31 ga Maris na 1945, saura makonni kaɗan yaƙin ya ƙare a Turai, Fischer ya kashe kansa yana da shekara 63.

Gadon da ya bari

Gurbin nan na tsakiyar zobe shi ne sirrin. Ba oksijin kaɗai yake kamawa ba. Iskar kabon monoksaid, wadda ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi, tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Shi ya sa iyali guda kan kwanta a rufaffen ɗaki da janareta a kunne, a wayi gari babu mai rai.

Wannan hali na kama iska masu bincike suka mayar abin amfani. Ana zuba garin fofirin a cikin wani akwati da aka zuƙe iskar cikinsa, a ɗumama shi har ya tashi kamar tururi, ya sauka a kan gilashi ko wani ɗan ƙaramin faifai. Shimfiɗar da yake yi ta fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, kuma tana fitowa da tsabta saboda ba a narka garin da wani ruwa ba.

Idan iska kamar amoniya, hayaƙin asid ko tururin barasa ta taɓa shimfiɗar, launinta ko nauyinta ko yadda take wuce da lantarki yakan canza, na'ura kuma ta auna canjin. Da an sauya ƙarfen tsakiya, a sa kobal ko zink, iskar da zoben ya fi kamawa ita ma ta sauya. Idan aka jera iri-iri wuri guda, sai a samu abin da ake kira hancin lantarki. A Jami'ar Tor Vergata da ke Roma an gwada irinsa wajen duba ingancin abinci da neman alamun cuta a numfashin majinyata.

Fischer ya rasu yana ganin aikinsa ya tafi a toka. Amma littafinsa mai juzu'i uku kan waɗannan sinadarai ya tsira, ɗalibansa sun ci gaba, kuma akwai wani rami a duniyar wata da ke ɗauke da sunansa tare da na Emil Fischer, malamin da ya yi wa aiki a Berlin.