Baturen da kwale-kwalensa ya ratsa Damargu bisa raƙuma

Jama'ar Falanko da 'yan uwa na nesa, yau mun waiwayi tarihin Adolf Overweg, Bajamushen da ya bi ta ƙasarmu da kwale-kwale, alhali mu nan ba mu da kogi, sai rijiya da tabkin damina.

An haife shi a birnin Hambug na Jamus a 1822, ya yi karatun duwatsu da taurari. A watan Maris na 1850 ya taso daga Tarabulus tare da James Richardson da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Cikin kayansu har da kwale-kwalen da aka ƙera a tsibirin Malta, aka raba shi gida-gida, aka ɗora wa raƙuma, don a shiga tabkin Cadi da shi.

Sun ƙetare hamada, suka sauka Abzin, daga nan suka biyo ayarin gishiri zuwa Damargu. A Janairun 1851, a Tagelel, nan cikin ƙasarmu, suka raba hanya. Richardson ya nufi Damagaram, ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Barth ya yi Katsina da Kano. Shi kuwa Overweg ya zaga Maraɗi da Gobir, sannan ya isa Kukawa, birnin Shehu Umar na Borno, a watan Mayu.

A bakin tabkin aka harhaɗa kwale-kwalen, aka sa masa sunan Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin. Overweg ya yi makonni yana yawo cikin ruwa, yana sauka a tsibiran Buduma, mutanen da suka daɗe suna kai da kawo a tabkin da jiragensu na ciyawa. Shi ne Baturen farko da ya yi tafiyar jirgi a Cadi.

To, a bakin ruwan nan ajalinsa ya same shi. A 1852 ya shiga ruwa wajen harbin tsuntsaye, ya wuni da jiƙaƙƙun tufafi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya roƙa a kai shi Maduwari, ƙauyen da kwale-kwalensa yake. Can ya rasu ranar 27 ga Satumba, yana da shekara 30, can kuma aka binne shi.

Barth ya koma gida ya fitar da littafi juzu'i 5, duniya ta san shi. Overweg ya bar guntayen rubutu masu wuyar karantawa, shi ya sa yawancin abin da ya gani a Maraɗi da Gobir da tsibiran Cadi ya tafi da shi kabari. Mu ma muna da dattawan da suka san hanyoyin ayari da sunayen tsofaffin rijiyoyi. Wanda ke da tsoho a gida, ya zauna da shi, ya ɗauki muryarsa a waya, ya rubuta tun yana da rai.