Miles Davis: Mabushin da Ya Bi Matasa Dandalinsu

An haifi Miles Davis ran 26 ga Mayu, 1926, a garin Alton na jihar Illinois ta Amurka, ya kuma tashi a East St. Louis, inda mahaifinsa yake likitan haƙori. Tun yana yaro ya fara busa ƙahon nan na Turawa da ake kira tarampet. A 1944 ya tafi New York da niyyar karatu a makarantar Juilliard, amma sai ya ɓige da bin Charlie Parker gidajen rawa. Ya zuwa 1959, shekarar da faifansa Kind of Blue ya fito, ba mai ja da shi a fagen kiɗan jaz.

Abin da ya fi jan hankalinmu a nan shi ne yadda mutumin da ya kai wannan matsayi ya sake lale. Wajen 1968 ya lura cewa matasan baƙar fata, waɗanda iyayensu suka ƙirƙiro jaz, sun juya masa baya, sun koma ga James Brown da Jimi Hendrix. Makaɗin da 'ya'yan gidansu suka daina saurare kuwa, kome gwanintarsa, ya zama kayan tarihi. Saboda haka ya shigo da jita da piyano masu amfani da lantarki, har ya jona ƙahonsa da na'urar sauya amo. Daga nan Bitches Brew ya fito a 1970, sai On the Corner a 1972. Masu sharhi da dama suka yi masa ca, wai ya sayar da gado don kuɗi. A ganina sun yi gaggawa, domin mai neman kuɗi kawai ba zai yi waƙen da ya kai minti 27 ba.

Rashin lafiya da shaye-shaye sun kwantar da shi daga 1975 zuwa 1980. Da ya dawo, ya yi Tutu a 1986 tare da Marcus Miller, sunan kuwa na Bishop Desmond Tutu ne. A 1991 ya haɗa kai da Easy Mo Bee, wani matashin mai tsara kiɗan hip-hop, suka soma aikin Doo-Bop. Ba su kammala ba ajali ya riske shi ran 28 ga Satumba, 1991, a Santa Monica. Matashin ne ya ƙarasa faifan da tsofaffin bushe-bushen marigayin, ya fito a 1992, ya ci lambar Grammy a 1993.