Bernard Fagg da Duwatsun Birnin Kudu

Ɗalibin da ya fito daga Kiyako ko Gwaram, ko wani gari na kudancin Jihar Jigawa, da wuya a ce bai taɓa jin labarin zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ba. Amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan mutumin da ya kai labarin waɗannan duwatsu gaban masana na duniya. Manufar wannan maƙala ita ce ta ba da taƙaitaccen tarihin wannan mutum, watau Bernard Fagg, ta kuma duba yadda ya nemi mai da kayan tarihi abin karatu ga babba da yaro.

An haifi Bernard Fagg a Landan ran 8 ga Disamba, 1915. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, inda ya haɗa da ilimin binciken kufai da na al'adun ɗan'adam. Yayansa, William Fagg, shi ma ya yi suna wajen nazarin sassaƙar Afirka a babban gidan tarihi na Landan. A 1939 Bernard ya iso Jos a matsayin ƙaramin jami'in mulki, cikin jerin Turawan da ke biye da Di'o da Razdan. Bai daɗe ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke shi zuwa gabashin Afirka, can ne ma ya yi aure a Kenya, sa'an nan ya komo Jos ya ci gaba da aikin ofis.

A wancan zamani ƙasar Jos ta cika da ramukan kuza. Lebura na haƙa, wani lokaci sai ya ci karo da abin da ba kuza ba: gatarin dutse, ko tsingaro, ko kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Tun 1928 an tono irin wannan kusa da ƙauyen Nok, aka ajiye a Jos, ba wanda ya kula. A 1943 aka sake tono wani kai kusa da Jama'a. Wani ma'aikacin kuza ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya tsorata ɓarna. Daga baya kan ya iso hannun Fagg, shi kuwa ya gwama shi da na 1928, ya ga aikin hannu iri ɗaya ne, musamman wajen idanu masu huda a tsakiya. Daga nan ya bi masu haƙar kuza rami-rami yana roƙon su daina zubar da irin waɗannan abubuwa, su riƙa kawowa tare da bayanin inda aka same su. Da haka aka tara abin da a yau ake kira al'adar Nok.

A 1947 ya bar aikin mulki ya koma sashen kula da kayan tarihi, mataimaki ga Kenneth Murray. A 1952 ya buɗe gidan tarihi na Jos. A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin a ganina wannan ne babban aikinsa, ya fi duk tone-tonen da ya yi. Shekarun 1950 su ne shekarun Yaƙi da Jahilci a Arewa, lokacin da magidanta ke zama a zaure da yamma suna koyon a-ba-ca-da. Gidan tarihi wata irin makaranta ce ta manya, amma ba ta bukatar mutum ya iya karatu kafin ya shiga. Manomi da ɗan kasuwa da leburan kuza duk suna iya tsayawa gaban tukunya ko kan Nok su duba da idonsu, su gwada da abin da suka sani a gida. Gidan na jama'a ne, ba a keɓe shi ga Turawa ko 'yan boko ba, kuma daga baya aka haɗa masa da gidan namun daji don a ƙara jawo mutane. Da Murray ya yi ritaya a 1957, Fagg ya gaje shi a shugabancin sashen. A 1963 kuma aka kafa wata makaranta a Jos tare da taimakon UNESCO, inda ake koyar da ma'aikatan gidajen tarihi daga ƙasashen Afirka da Ingilishi da Faransanci.

Zuwansa Birnin Kudu

A 1955 Fagg yana aiki a Birnin Kudu, wadda a lokacin take cikin lardin Kano. Abin da ya kai shi zane ne da ke cikin kogunan duwatsu kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Yawancin zanen na shanu ne. Abin lura shi ne akwai shanu marasa tozo, waɗansu masu dogayen ƙahoni, waɗansu masu gajeru irin na muturu, alhali shanun da Fulani ke kiwo a wannan ƙasa yanzu masu tozo ne. Ke nan dutsen ya adana shaidar wani zamani da kiwon wannan yanki ya sha bamban da na yau. Akwai irin wannan zane a Shira da Geji ta ƙasar Bauci.

Yana cikin wannan aiki ne ya lura da waɗansu faffaɗan duwatsu kusa da zanen, waɗanda gefensu ya lotsa ya yi santsi saboda yawan bugu. Idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar na ƙarfe, kowane gurbi da irin muryarsa. Ya rubuta bayaninsu a wata mujallar masana ta Ingila a 1956, kuma wannan rubutu ne ya sa masu bincike suka fara neman irin waɗannan duwatsun kiɗa a wurare da dama na Nijeriya da sauran Afirka.

Littattafai kan ce Fagg ne ya gano su. Wannan kalma tana bukatar gyara. Lotsawar da ke jikin dutsen kanta ta nuna hannuwa da yawa sun riga shi, kuma sunayen da duwatsun ke ɗauke da su na Hausa ne, mutanen wurin suka sa musu. Abin da Fagg ya yi shi ne ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma rabin aikin ne. Ɗaya rabin, watau dalilin sunayen, da labaran da tsofaffi ke bayarwa, da waƙoƙin da yara ke yi a wurin, aikin mai nazarin adabin baka ne, kuma da harshenmu ake yinsa. Malamanmu kan tura mu yawon tattara tatsuniyoyi da kirari a hutu. Ban ga abin da zai hana a haɗa wannan da ziyarar Birnin Kudu ba, a zauna da dattawan gari a gindin dutsen. Yau duwatsun suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, amma doka ba ta adana abin da ke cikin kan tsoho, in ya rasu ya tafi da shi.

Kada kuma mu manta cewa Fagg ma'aikacin mulkin mallaka ne, da ikon wannan mulki ya yi ta shiga inda ya shiga. Duk da haka, a zamanin da kayan tarihin Afirka ke kwarara zuwa Turai, shi da Murray sun tsaya a kan su zauna a gida, kuma a lokacinsu aka yi dokar kare kayan tarihi ta 1953. Wawashe kufan Nok da aka yi a shekarun 1990, aka sayar da kawunan a kasuwannin Turai, ya nuna abin da suka yi ƙoƙarin hanawa.

A 1963 ya koma Ingila ya zama shugaban gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford, amma bai yanke da Nijeriya ba. A cikin shekarun 1960 ya yi tono a Taruga, inda aka sami wuraren narka tama tare da kayan Nok, abin da ya nuna an san ƙira a wannan ƙasa ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a 2005, sun mai da farkon al'adar Nok baya har wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. A Oxford ya yi fama don a gina sabon gida ga kayan Pitt Rivers, kuɗi ba su samu ba, ciwon shanyewar jiki kuma ya kama shi. Ya ajiye aiki a 1975, ya fitar da littafinsa a kan kayan Nok a 1977, ya mutu ran 14 ga Agusta, 1987. Shekara goma bayan mutuwarsa, matarsa Catherine ta buga littafi a kan duwatsun kiɗa na sassan duniya.