Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko da Rabon Mulki

An haifi Muhammadu Dikko a 1865. Basullube ne, ɗan Durbi Gidaɗo, shi ma ya riƙi sarautar Durbi. A cikin 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero, suka ba shi riƙon ƙasa, sarautar Katsina ta bar gidan Dallazawa ke nan.

Ya hau a lokacin da mulki ya rabu biyu. Soja da harajin kayan ƙetare, da kuma naɗin sarki da tuɓe shi, duk suna hannun Gwamna. Abin da ya rage wa Sarki shi ne tara haraji da jangali, da shari'ar alƙalai, da dogarai da gidan yari. Ko a shari'ar ma akwai iyaka, gama in Majalisar Sarki ta yanke wa mutum hukuncin kisa, ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu.

Wani sarkin da sai ya zauna yana ƙunar abin da aka ƙwace. Dikko kuwa ya dubi abin da aka bar masa, ya tsare shi da lissafi. A Katsina aka fara kafa Baitulmali, shi da Bature Palmer, kafin sauran ƙasashen Arewa su bi. Haraji in ya taru sai a raba, da fari rabi na Gwamnati, rabi na En'e, kuma daga rabin nan ake biyan Sarki kansa albashi, da hakimi, da alƙali, har da magatakardan kotu. A ganina nan ne babban aikinsa, domin alƙalin da ke da albashi ba shi da hujjar duban hannun mai ƙara. Hakimai kuma suka bar birni, kowa ya tare a gundumarsa, ya zama talakan Musawa ko na Malumfashi ba sai ya yi tafiyar kwanaki ba kafin ya ga mai ƙasarsa.

Ya sauke farali a 1921, ya kuma ziyarci Ingila. A zamaninsa, cikin 1934, Katsina ta zama lardi mai zaman kansa. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah ya ji ƙansa.

Bai ga tsarin tarayya na 1954 ba, wanda ya raba iko tsakanin Ikko da jihohi uku. Kotuna da 'yan doka da gidan yari sun fita hannun En'e bayan 1966, ita kanta En'e ƙananan hukumomi suka maye gurbinta a 1976.