William Henry Lewis: Mutumin Da Bai Iya Ja Da Baya Ba

Mai karatu, a duk wasa wanda ya ci ake yi wa tafi. Ni kuwa yau wanda ya tare hanya nake son tunawa, wato William Henry Lewis. An haife shi a jihar Bajiniya ta Amurka a 1868, iyayensa bayi ne da aka 'yanta. A kwalejin Amherst ya shahara a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma ana ture juna, har ya zama kyaftin a 1891.

Gurbinsa tsakiyar sahun gaba ne: ya miƙa ƙwallo baya, sa'annan ya tare abokan karawa da ƙirji. Yana karatun lauya a Harvard aka sa shi cikin gwanayen ƙasa a 1892 da 1893, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi. Daga 1895 zuwa 1906 yana cikin masu horar da 'yan wasan Harvard, ya kuma wallafa littafin koyon wasan a 1896.

Amma suna bai raba shi da wulaƙanci ba. Wani mai aski a Cambridge ya taɓa ƙin yi masa aski. A 1911 Shugaba Taft ya naɗa shi Mataimakin Antoni-Janar, sai ga shugabannin ƙungiyar lauyoyin Amurka na neman korarsa saboda launinsa. Ya ƙi fita, kuma bai fita ba. Ya rasu a 1949.

A ganina darasin sahun nan ya riƙe har kabari: in an turo ka, kafe ƙafa, domin na bayanka su sami hanya.